Tuba yanzu, ko sai an tara abin da za a mayar?

Ɗan Badawa:
Salama, 'yan'uwa. Idan yaron shago a kasuwar Sabon Gari ya daɗe yana taɓa cinikin maigidansa kaɗan-kaɗan har ya kai kamar naira 200,000, yanzu zuciyarsa ta kashe shi amma ba shi da kuɗin a hannu, ya zai yi? Ya jira sai ya tara ya biya sannan ya tuba, ko ya roƙi gafarar Allah kawai ya yi shiru?

Dattijo_Birged:
Ɗana, duka biyun ba hanya ba ce. Jiran ya fi haɗari. Dubi gwamna Filikus a Ayyukan Manzanni 24. Bulus ya yi masa maganar adalci da kamunkai da shari'a mai zuwa, jikinsa ya yi sanyi, amma ya ce a tafi sai ya sami zarafi. Shekara biyu yana kiran Bulus suna hira, har aka sauke shi daga mulki, ba a rubuta mana ya tuba ba. Ibraniyawa 3:13 ta faɗi dalili: zunubi mayaudari ne, yana taurara zuciya. Abin da ke hana shi barci yau, bayan wata shida zai koma "ai haƙƙin gumina ne".

To ya fara yau. Ya durƙusa ya kira abin da sunansa a gaban Allah, sata, ba "kuskure" ba. 1 Yohanna 1:9 ta yi alkawarin gafara ga mai furtawa. Hannunsa kuma ya fita daga aljihun teburin tun daga yau, ko da kuɗin keke-napep ne. Sai ya zauna da biro da takarda ya lissafa abin da ya ɗauka, inda ya yi kokwanto ya ɗauki adadi mafi yawa. Cikin makon nan ya sami fasto ko dattijon ikilisiya ɗaya mai riƙe sirri. Kada ya tunkari maigidan shi kaɗai, balle a bakin shago gaban maƙwabta, don mutum cikin fushi zai iya kiran 'yan sanda kafin ya gama jin bayani. A same shi a gida, dattijo ya buɗe magana, yaron ya zo da wani abu a hannu ko 10,000 ne, a rubuta yadda zai biya sauran.

A Littafin Firistoci 6:1-5, wanda ya ci amana yana mayar da abin ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. A kan 200,000 ƙarin 40,000 ke nan, jimla 240,000. Idan yana ba da 20,000 duk wata, shekara guda ya gama.

Maman Salamatu:
Baba, na yarda da kai, sai dai ƙarin kashi ɗaya cikin biyar ɗin nan kada a ɗora wa yaro shi kamar doka. Zakka mai karɓar haraji ma riɓi huɗu ya ce zai mayar, amma da bakinsa ya faɗa, bayan Yesu ya riga ya shiga gidansa. Biyan ba ya sayen gafara, 'ya'yan tuba ne. Na nanata wannan don akwai masu biya cikin firgita, su gama su rasa salama. Yahuza ya mayar da azurfa 30 ɗin da ya karɓa don ba da Yesu cif, amma wurin manyan firistoci ya tsaya, bai koma ga Ubangiji ba. Bitrus da ya yi musun sanin Yesu ba shi da abin mayarwa, kuka ya yi, aka maido shi. Bambancin da 2 Korintiyawa 7:10 ke nufi ke nan, tsakanin baƙin ciki mai kai ga tuba da baƙin ciki irin na duniya.

Wani wurin da ake tuntuɓe: mutum ya zuba kuɗin a baiko ya ce ya wanke kansa. Matiyu 5:23-24 ta ce a bar baikon a gaban bagade, a je a shirya da ɗan'uwa tukuna. Kuɗin maigida ba na ikilisiya ba ne.

Bro_Fatima_Parish:
Idan ɗan Katolika ne, ya je ikirari wurin fada a Asabar ɗin nan, ba sai ya jira azumin kwana 40 ba. Abin da ake buƙata shi ne nadama ta gaskiya da niyyar mayarwa, ba sai kuɗin sun cika ba. Fada ba zai taɓa faɗa wa kowa abin da ya ji ba. Kuma idan bayyana kansa zai jawo masa babbar fitina, an yarda ya mayar a ɓoye ta hannun wani amintacce.

Ɗan Badawa:
Na gode, iyayena. In maigidan ya rasu fa, ko ya bar Kano?

Dattijo_Birged:
In ya rasu, haƙƙin ya koma ga matarsa da 'ya'yansa. A tambayi shugabannin layinsu a kasuwa, da wuya a rasa mai lambar wani ɗan gidan. Sai an nema da gaske an rasa kowa ne za a ba matalauta, dattijon da ya shiga maganar ya shaida.