Wai da gaske ne Larabawa ba sa barin 'ya'yansu mata su yi zurfi a boko?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyarwa a wata Islamiyya ta matan aure, kuma maganar da ke yawo a bakin wasu magidanta a unguwarmu ita ce, ai ko Larabawa da Alƙur'ani ya sauka da harshensu ba sa barin mace ta yi zurfi a boko. Da wannan hujjar aka cire ƙanwar wata ɗalibata daga aji biyar na sakandare, yarinya mai kai, wadda ba ta da buri sai zama ungozoma. Abin ya tsaya mini a rai. Don Allah waɗanda suka zauna a ƙasashen Larabawa ku faɗa mini gaskiya: matansu na karatu? In akwai inda ba sa yi, me ke hana su?

Ɗan Kartum:
Wa alaikumus salam, Malama. Na yi karatu a Jami'ar Afirka da ke Kartum, kuma mai wannan magana bai leƙa Sudan ba. A Omdurman akwai jami'ar mata zalla, Ahfad, har da tsangayar likitanci. Asalinta wani dattijo ne, Babikir Badri, wanda ya yi yaƙi a rundunar Mahadi, ba ɗan koren Turawa ba. A 1907 ya buɗe makarantar 'yan mata a garin Rufa'a, ya fara da 'ya'yan cikinsa da na maƙwabta, mutane na ta tsegumi. Ɗansa Yusuf ne ya kafa kwalejin Ahfad a 1966. Lokacin da nake can, da safe in ka tsaya a tasha, ga malamai mata nan cikin farin lafaya, kowacce da jakar littattafai, suna rububin mota.

Ƙauye ne dai labarin ya sha bamban, musamman gabas wajen Kassala: makaranta da nisa, ɗebo ruwa na cinye safiyar yarinya, ga auren wuri. Sannan yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya rufe makarantu, wasu ma sun koma matsugunin 'yan gudun hijira. Yarinyar da ta shekara biyu a zaune, da wuya ba a ɗaura mata aure kafin a sake buɗe aji ba.

Hajiya Ummu Jidda:
'Yar uwa, ni a Jidda nake aure. In da can baya suke nufi, suna da ɗan abin kamawa, don sai 1960 gwamnatin Saudiyya ta fara buɗe makarantun 'yan mata. Kafin nan Iffat, matar Faisal wanda daga baya ya zama sarkin Saudiyya, ta kafa makarantar 'yan mata ta Darul Hanan a nan Jidda a 1955. A Buraida sai da aka tura jami'an tsaro su tsare makarantar 'yan matan da gwamnati ta buɗe a garin saboda masu bore. Yadda aka kwantar da hankalin iyaye shi ne, aka damƙa ilimin mata a hannun malaman addini, aka ware gine-gine, mata ke koyar da mata. Haka aka tafi har 2002, lokacin da gobara ta kashe ɗalibai 15 a wata makaranta a Makka, aka mayar da ilimin mata ƙarƙashin ma'aikatar ilimi.

Yanzu kuwa je ki ga Jami'ar Gimbiya Nura ta mata a Riyad, girmanta har jirgin ƙasa ke zagaya da ɗalibai a ciki. Likitar da ta karɓi haihuwar autana Balarabiya ce, da niƙabinta. Mijin da ba ya son namiji ya duba matarsa, in ya hana 'yarsa karatu, wa zai duba matar wani gobe?

Abu Sumayya:
Hajiya, a yi mini afuwa, kar mu auna Larabawa duka da masu arziƙin man fetur. Ku dubi Yaman. Tun 1999 aka soke dokar da ta sa shekara 15 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure, kuma duniya ta ji labarin Nujud Ali, wadda ta je kotu a San'a neman saki a 2008 tana 'yar shekara goma. Tun 2016 yawancin malaman arewacin ƙasar ba sa samun albashi a kan kari. A ƙauyukan kan duwatsu malamai mata sun yi ƙaranci, uba kuwa ba zai tura balagaggiyar 'yarsa gaban malami namiji ba, balle makarantar da ko bayan gida babu. Talauci ne da yaƙi da al'ada suka haɗu.

Akwai kuma matsalar bayan karatu. A Jodan mata sun cika jami'o'i, amma masu aiki ko neman aiki a cikinsu ba su kai kashi 20 cikin 100 ba. Uba talaka na ganin haka sai gwiwarsa ta yi sanyi.

Maman Hanifa:
Allah ya saka muku da alheri. Malam Abu Sumayya, batun nisa da rashin malamai mata ya fi kama hankalina. Akwai ƙasar da ta samo masa magani?

Ɗan Kartum:
Maroko ta gwada wani abu, Malama. Suna da gidajen kwana da ake kira Darut Taliba, ana gina su kusa da sakandare don 'yan matan ƙauye, da abinci da mace mai kula da su. A 2008 kuma aka fara shirin Taisir, inda aka riƙa ba iyaye talakawa ɗan kuɗi muddin yaro ko yarinya na zuwa aji. Uban da ke tsoron hanya ko kuɗin littafi, an rage masa uzuri biyu ke nan.