Jama'a, editin ɗin fim da Hausa: tacewa ne ko harhaɗawa?

Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu Hausa a baki da masu harkar fim ku ɗan matso, yau kwana uku kenan kalma ɗaya tak ta hana ni rufe aiki.

Mu shida ne a gurup ɗinmu na furojet ɗin ƙarshe a makaranta, fim muka yi na minti 12, labarin wani dattijo mai gyaran keke da yake zaman jiran ɗansa ya dawo daga ci-rani. Ni aka ɗora wa editin, aka haɗa min da rubutun sunayen da ke fitowa a farko da ƙarshe. Tun ranar farko muka yi alƙawari duk rubutun da zai hau fuskar fim ɗin nan Hausa zalla zai zama, tunda maganar ciki ma Hausa ce. Sauran ayyukan ba su ba ni wahala ba don 'yan Kannywood sun riga sun share hanya: bada umarni, shiryawa, ɗaukar hoto, tsara labari, kwalliya, sutura, ci gaban shiri. Da na iso kan nawa sai na rubuta abin da kowa yake rubutawa, "tace hoto", na sa sunana a ƙasa, na wuce.

Ran Juma'a na je gida na nuna wa Kawu a waya. Ya kalla har ƙarshe bai ce uffan ba, da sunaye suka fara tafiya ya matso da wayar kusa da ido yana bin su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, yana zuwa kan nawa ya ce in tsayar. Ya ce, "Kai ne mai tacewar? To me yaran nan suka yi a ciki har sai da aka tace? Ba dai wani abu na rashin ɗa'a ba ko?" Na ce a'a Kawu, wallahi ba haka bane, ni ne dai na jera hotunan. Ya ce to ai sai ka rubuta haka.

Kuma fa gaskiyarsa. Tun 2001 Kano take da hukumar tace fina-finai, ta tarayya ma tana nan tun 1993, kullum a rediyo in ka ji an ce an tace fim to nufin an duba shi ne an ce a cire kaza a bar kaza. Kunnen mutumin gari ya riga ya saba da wannan ma'anar. Yanzu aiki biyu da ba su haɗa komai ba, na mai gina fim da na mai duba shi bayan an gama, duk suna rububin kalma ɗaya.

Ko ma a ajiye maganar hukuma gefe, mu koma madafa mu ga me tacewa take nufi. Mace ta jiƙa gero ta kai markaɗe ta dawo ta sa abin tata, gasara ta sauka ƙasa dusa ta tsaya sama. Gasarar dama tana cikin ƙullun, dusa kawai aka raba ta da ita. To ni abin da aka miƙo min a had-dis awa 3 da minti 40 ne na ɗanyen hoto, kuma na rantse muku babu fim a ciki. Sin ɗin ƙarshe, wato fitowar ƙarshe ta labarin, shi muka fara ɗauka ranar farko saboda ranar ce kawai muka samu aron motar da yaron zai sauko daga ciki, sin ɗin farko kuma sai rana ta huɗu, wani an ɗauke shi sau bakwai, wani akwai kukan janareta a bayansa, wani mai kamara ya manta bai kashe ba sai ƙafafun mutane da ƙasa kawai kake gani na minti goma. Ko shekara za ka yi kana cire dusa daga wannan tarin, abin da ya rage ba zai tashi ya zama labari da kansa ba.

Bari in ba ku misalin da ya sa na kafe a kan maganar nan. Akwai wani guntu na sakan huɗu, fuskar dattijon ce kawai, ya ɗago kai yana kallon gefe. Gaskiyar magana a lokeshan ba aktin yake yi ba, wani ɗan acaɓa ne ya yi hon ya waiga. Da dare ina ɗakin hostel da laftof a cinya, na ɗauki guntun nan na sa hoton butar shayi a bayansa, abokin ɗakina ya leƙo ya ce baban nan yunwa yake ji. Na cire butar na sa benci babu kowa a kai da ƙaramin keken yara a jingine, na sake kunna masa, ya yi shiru sannan ya ce kai, tsohon nan kewar ɗansa za ta kashe shi. Fuska ɗaya ce fa, ko firam ɗaya, wato hoto guda cikin jerin hotunan da suke yin fim, ban taɓa ba. Wani ɗan Rasha, Lev Kuleshov, ya yi irin wannan gwajin tun wajejen 1920, an koya mana shi a aji na rubuta a jarabawa ma, amma sai a daren nan na gan shi da idona. Kewar nan ba a cikin hoton fuskar take ba, ba kuma a cikin hoton bencin ba, a mahaɗarsu ta fito. Ta yaya za a kira wannan tacewa?

Asalin sana'ar ma da hannu ake yinta. Fim ɗin zamanin da doguwar leda ce mai hotuna a jere, edita ya duba ya yanke da reza ya manne da wani guntun, injin Moviola da suke leƙawa ya fito a 1924, editin a kwamfuta irin na Avid kuwa sai 1989. Shi ya sa har yau in ka buɗe manhajar editin ta Premiere alamar abin yankan hoton reza ce. Yanka da manni, yanka da manni. Mu a nan firam 25 ne a sakan ɗaya, fim ɗinmu na minti 12 firam 18,000 kenan, kuma akwai wajen da na yi rabin awa ina kai da komo a kan firam uku, in na bar su dattijon ya yi kamar yana jiran a ce masa ya fara, in na cire su sai maganar ta zo daidai da numfashinsa.

Ga kalmomin da na juya a kaina kafin in zo nan. Gyara: a'a, gyara sai abin da ya lalace. Yanka: rabin aikin ne, kuma "yanka hoto" a allo ba daɗin gani. Ɗinki na so shi sosai don tela ma yadi ake ba shi ya yanka ya haɗa ya fitar da riga, ragowar ƙyallaye su zube ƙasa, daidai da aikina, amma da na faɗa wa 'yan gurup "ɗinkin fim" babu wanda ya yarda a sa a allo. Haɗa hoto kuma intanet ta riga ta ɓata shi, yanzu in aka ce hoton nan haɗi ne to ƙarya ake nufi.

Sannan in akwai mai Hausar taitil, wato rubutun sunayen nan na farko da ƙarshen fim, shi ma ina so. To ina jiran ku.

Na dawo, na karanta komai, Allah ya saka da alheri. Ban zaci abin zai ja mutane haka ba.

Wani ɗan uwa daga Damagaram ya ce su can montaj suke cewa, mai yin kuma monter, daga Faransanci, sunayen allo kuma jenerik. Wani da ya yi karatu a Sudan ya ce Larabawa ma muntaj ɗin suka ara. Abin da ya ja hankalina shi ne ma'anar kalmar a Faransancin, irin aikin da ake yi wa inji ne in an kawo shi gunduwa-gunduwa a ɗora wannan kan wancan har ya tashi. Nan take na tuna ai muna da ita, kamfanin Fijo na Kaduna me ake ce masa, kamfanin harhaɗa motoci. Mai ilimin magani kuma masanin harhaɗa magunguna. Harhaɗawa! Ba haɗawa sau ɗaya ba, ninkin nan na har-haɗa shi yake nuna abubuwa ne da yawa kuma ana ta yi ana sakewa, kuma ba ta ɗauke da warin ƙaryar nan na "haɗi ne". In ka ce wa Kawu ni na harhaɗa hotunan ba sai ka ƙara bayani ba.

Sai babban yayanmu da ya ce ya haura shekara ashirin yana wannan aikin a Zoo Road ta Kano, ya ce tace hoto ta zauna, masu kallo sun saba, mu yara mu bar tada zaune tsaye. Yallaɓai na ji, kuma girmanka ne, a hannun irinku muka ga aikin. Ban ce a jefar da kalmar ba. Akwai inda ta dace ɗari bisa ɗari: ranar da na zauna na kalli ɗauka bakwai na sin ɗaya na zaɓi ta biyar na watsar da shida, wannan tacewa ce. Ranar da na bi sauti ina rage kukan janareta da iskar da ta bugi makirfo, wannan ma tacewa ce tsantsa, dusa na cire. Amma wannan share fage ne, ginin yana gaba. In an kira aikin gaba ɗaya da sunan share fagensa to ɗalibi sabon shiga zai ɗauka aikinsa cire kuskure ne kawai, kuma na ga haka a ajinmu, mutum ya jera sin-sin yadda suke a takarda ya cire inda aka yi tuntuɓen harshe ya ce ya gama. Sunan da aka ba aikin yana cikin abin da ya koya masa hakan.

Yanzu ɓangare na biyu, taitil, wanda na ɗauka shi zai fi wuya sai ga shi 'yan uwa sun warware min cikin awa ɗaya.

Ni da "jerin sunaye" na rubuta a fayil ɗin. Wata Malama da ta karanta Hausa ta ce me ya sa za mu wahala, masu nazarin rubutacciyar waƙa suna da mabuɗi da marufi, baitocin da sha'iri yake buɗewa da su da yabon Ubangiji da salati, da waɗanda yake rufewa da su, inda sau da yawa ma a nan yake faɗin sunansa. Malama wallahi kin gama magana. Mabuɗin fim, marufin fim. Har da faɗin sunan mai aiki a marufi, abin ya zauna kamar don shi aka yi.

Shi kuma aikin tsara rubutun, zaɓen irin harafi da kala da yadda zai shigo ya fita, wani Alaramma ya ce zayyana kenan, irin wadda ake yi wa allon ɗalibi in zai yi sauka, rubutu a tsakiya ado kewaye da shi. Allah ya gafarta Malam na karɓa hannu biyu. Mai zayyana ya san rubutu ne sarki, ado bara ne, kuma matsalar da na fi gani a finafinan ɗalibai kenan, suna ya shigo yana juyi yana walƙiya da wuta a jikinsa kamar tallan shagon waya, kafin ka karanta ya ɓace. Ni dokar da na bi, in karanta sunan a bayyane sau biyu ba gaggawa, in ya ɓace kafin in gama to na ƙara masa lokaci. Fari a kan baƙi, kuma na janye shi daga gefe don kar wata talabijin ta cinye harafin farko.

Tunda an zo nan dan Allah masu zayyana ku kula da haruffa masu lanƙwasa. Sunan fim ɗinmu akwai kalmar ƙasa a ciki. Na samu wani irin harafi mai kyau na yi awa biyu ina daidaita shi, ina buga ƙ sai wani ɗan akwati fanko ya fito a wajenta. Wani a gurup ya ce kawai in sa k a wuce wajen, na ce to sunan ya koma kasa kenan, ko maciji ko gazawa, zaɓi ɗaya. Haka na haƙura da shi na koma Noto Sans, su Andika da Charis ma duk suna da ɓ da ɗ da ƙ, har da ƴ da 'yan uwanmu na Nijar suke rubutawa a inda mu muke sa 'y. Tun kafin ka ƙaunaci harafi fara buga masa ɓ ɗ ƙ manya da ƙanana ka gani.

To ga yadda marufin namu zai fita, na riga na canza. Harhaɗa hoto, sunana. Tace sauti, ni da wadda ta riƙe makirfo don tare muka kwana a kai. Zayyanar mabuɗi da marufi, sunana. Futej kuma ɗanyen hoto, ba wanda ya yi gardama a kansa. Wanda na fara nuna wa Kawu mai minti 19 kafin a rage shi, haɗin farko. Na tura wa darakta ta ce ta yarda, gobe da safe zan kai wa sufabaiza a filashi.

Saura ɗaya da har yanzu ban samu ba, taimlayin, dogon filin nan na ƙasan allo inda ake shimfiɗa guntayen hoto a sama sauti a ƙasa kana jan su hagu da dama. Wani ya ce layi, wani ya ce zare, wata ta ce shimfiɗa, ni dai shimfiɗar ta fi kwanta min don a kanta ake baje kaya kamar 'yan koli, amma ban yanke ba. Masaƙa da teloli in kuna nan, me kuke kiran wajen da kuke baje aiki kafin a haɗa?