Wace alama zan taɓa kada hotunan Baba su tafi?

Ƴar Zengo: Salamu alaikum ƴan uwa. Kwamfutar da yayana ya bar mini ta ƙi tashi. Na sa kile mai Windows 10, ga ni na tsaya inda ake tambayar wurin da za a zuba shi. Layi huɗu ne, Lecteur 0 Partition 1 har zuwa 4. A ƙasa ga jan kuros an rubuta Supprimer, ga wani abu kamar magogin fensir, Formater, ga tauraro, Nouveau. Hotunan marigayi Baba suna ciki, ba ni da su ko'ina. Wanne zan taɓa?

Ɗan Birni: Windows 10 kuma? Ai Microsoft ta janye masa tallafi tun 14 ga Oktoban 2025. Ki sa 11.

Mai Gyara: Windows 11 sai injin yana da ɗan guntun tsaron nan, TPM 2.0, malam. Ƙanwata, kawo ta, jaka biyar ne.

Ɗalibi: Don Allah kada ki taɓa magogin nan! Ina shekarar ƙarshe a jami'a na ga Formater, na ɗauka shirya faifan zai yi, kamar yadda ake tsara rubutu. Gargaɗi ya fito, na danna OK ban karanta ba. Ko minti ɗaya bai ɗauka ba. Aikin binciken da na yi wata bakwai a kansa, da muryoyin tsofaffin da na ɗauka a ƙauyenmu, duk suka tafi. Biyu daga cikinsu sun rasu. Na zauna bakin shago har magariba na kasa tashi.

Hajiya Babba: Allahu akbar. Allah ya mayar maka da alheri, ɗana.

Ɗan Birni: Jaka biyar ta yi yawa, wajen Kasuwar Dole jaka biyu aka yi mini.

Ɗalibi: Na jaka biyu ai share komai yake yi.

Malamin Lissafi: Lecteur 0 faifan ne gaba ɗaya, daga sifili suke ƙirga. Ki zaɓi kason da tsohon Windows yake, ki danna Suivant ba tare da Formater ba, tsofaffin kayan za su koma jakar Windows.old.

Mai Gyara: Malam, da girmanka, allo daban gyara daban. In faifan ne ke ciwo fa? A tashe ta da kile na Ubuntu, wani tsari ne daban da Windows, a zaɓi Essayer, wato gwadawa ba tare da an zuba shi ba, a kwashe hotunan tukuna.

Malamin Lissafi: Can ma akwai Effacer le disque, mai share faifan gaba ɗaya, yana jiranta.

Na Sabon Gari: Mai tauraro ne mai sa'a, a danna shi! 😂

Hajiya Babba: Ba wurin wasa ba ne. Ni abin da ke ci mini rai wuta ce. Jikana yana tsakiyar wannan aikin aka ɗauke ta, batir kuma ya mutu.

Ɗan Birni: Unguwarmu tun azahar ba ta dawo ba.

Ƴar Zengo: To in kashe ta haka, ko in bar ta a kunne? Saura kashi 18 a batir ɗin wayar da nake muku rubutu, ita ma kwamfutar fitilarta ta fara ƙiftawa.