Ina neman shawara kan awon ƙasar karal

Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Ina digiri na biyu a kimiyyar ƙasa a Marwa ta yankin Diyamare a Kamaru, bincikena kuwa kan yawan kabon da ke cikin ƙasar karal ne, wato ƙasar laka wadda ake dasa dawar masakwa a kanta bayan damina. Lissafin ba ya yiwuwa sai na san nauyin ƙasar a kowane santimita kubik, to a nan aiki ya cije.

Da rani laka ta bushe ƙeƙam ta tsattsage, wata tsagar har hannu ke shiga. In na buga silindar ƙarfe ta ɗibar samfur da guduma sai bakinta ya lanƙwashe, ko samfurin ya farfashe kafin in tono shi. In kuma na bari sai tana da danshi, ta kumbura, bayan na busar a zafin digiri 105 na Salshiyas sai sakamakon ya sauka ƙasa sosai. Gona ɗaya, alƙaluma biyu da ba sa jituwa.

Na gwada tsoma ɓarɓashin hoge cikin narkakken kakin kyandir in auna a ruwa. Alƙaluman sun daidaita, amma hogen bai ƙunshi tsagogin ba, don haka nauyin ya wuce na ainihin gonar, kuma ba na so in rubuta abin da zai kumbura kabon ɗin.

Don Allah wanda ya taɓa aiki da irin wannan ƙasa, a nan Diyamare ko a Chadi, wane lokaci kuka ɗebi samfur? Cika tsagogi da yashi don a gane girmansu yana karɓuwa wurin masu duba kundi? Ruwa ya kusa sauka, tsagogin za su rufe.