Mayar da tankin murjani gidan dokin teku: me za a bari, me za a fitar?

Baban Khalil, Abuja

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tankin ruwan gishiri mai cin lita 300, tsayinsa santimita 60, kuma ina so in mayar da shi na dokin teku, ƙaramin kifin nan mai kai irin na doki. A ciki akwai kifin klawun biyu da animoninsu (halittar ruwa mai harbi da suke fakewa a cikinta), kifin tang rawaya ɗaya, kifin kadinal na Banggai biyu, murjanin Euphyllia mai harbi, da wasu murjanai masu laushi. Ruwan yana zama a digiri 26. Don Allah waɗanda suka taɓa yin wannan canji su faɗa mana abin da suka gani da idonsu.

Maman Ilham, Manchesta

Wa alaikumus salam, Baban Khalil. Tsayin tankinka ya yi, don dokin teku ya fi bukatar tsayi a kan faɗi, musamman lokacin da mace da namiji suke tasowa sama tare za ta zuba masa ƙwai a jakarsa. Abin da zai fara ba ka aiki shi ne digiri 26 ɗin nan. Nawa dawakan jinsin Hippocampus erectus ne, ina riƙe su tsakanin 21 da 23. Dalili kuwa ƙwayar cutar Vibrio ce: da ruwa ya yi ɗumi sai ta yaɗu da sauri, kuma dokin teku ba ya jure mata. Na ga yadda take farawa a wata bazara da aka yi zafi a nan. Ƙarshen wutsiyar macen ya yi fari, ta daina naɗe reshe da shi, ta koma lungu ta ƙi cin abinci. Sai da na ware ta a ƙaramin tanki, na sauke zafin ruwan a hankali, aka yi mata magani, sannan Allah Ya ba ta lafiya. Kullum idona yana kan ma'aunin zafi kafin komai.

Sai abinci. Dokin teku ba shi da tumbin da zai ajiye abinci, abin da ya ci wucewa yake yi, saboda haka sau biyu ko uku a rana nake ba su daskararren maisis, ƙananan jatan landen nan. Ina narkar da shi, in ɗauraye, in zuba a cikin ɓawon kawa da na ajiye kusa da reshen da suke kamawa. Ka zauna ka kalli yadda yake ci: zai tsura wa ƙwaya ɗaya ido, ya karkata kai, ya matso a hankali, sannan ka ji ƙas, ya zuƙe ta. Kafin ya ci uku, tang ɗinka ya share kwanon. Wannan tang dole ya bar gidan.

Injiniya, Legas

Hajiya ta faɗi gaskiya, amma ita tana ƙasar sanyi. Mu a nan maganar digiri 23 maganar wuta ce. Yallabai, kafin ka sayi doki ko ɗaya, ka sayi na'urar sanyaya ruwa, ka haɗa ta da inbata ko sola, ka bar tankin yana aiki babu doki har ka ga ya tsallake watan Maris da Afrilu na Abuja bai haura ba. Fankar da ake ɗorawa a saman ruwa tana rage digiri ɗaya ko biyu ne kawai, kuma tana ƙafar da ruwa, gishiri ya ƙaru. Ni ranar da aka ɗauke wuta tun safe batir ya mutu da la'asar, robobin ƙanƙara na riƙa sakawa a tankin ƙasa (tankin tace ruwa da ke ƙarƙashin babban) har dare. Dawakan sun tsira, amma ba abin da mutum zai dogara da shi ba ne.

Abu na biyu da ya fi damuna: kada ka karɓi na kamun teku. A gaɓar nan tamu akwai jinsin Hippocampus algiricus, daga Senegal har Angola ake samunsa, yana faɗawa komar masunta, kuma an taɓa kawo mini tayinsa da rai a araha. Na ƙi. Wanda aka kamo bai san mataccen abinci ba, sai mai motsi, ga tsutsotsin ciki da yake zuwa da su, yawanci yunwa ke kashe shi a hannun mai kiwo. Kuma dama an matsa wa jinsin nan, ana busar da shi ana fitarwa Asiya don haɗa maganin gargajiya. Tun 2004 duk wani dokin teku yana ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin halittun da ke cikin haɗari, ba a ƙetare iyaka da shi sai da takarda. Ka nemi wanda aka haifa a gidan kiwo, ka sa mai sayarwa ya ba shi daskararren maisis a gabanka, ka ga ya ci.

Ɗan Damagaram, Jidda

Ni ma daga tankin murjani na juya. Baban Khalil, animoni da Euphyllia su fita tare da tang. Dokin teku duk abin da ya samu naɗe shi yake da wutsiya, bai san mai harbi ba, kuma ba shi da ɓawon kifi a jiki, fata ce a kan ƙashi. Harbi ɗaya ya zama gyambo, gyambo ya buɗe wa Vibrio ƙofa. Masu laushin ka bar su: murjanin leda, bishiyar Kenya, zowantid da masu kama da laimar kwaɗi duk sun zauna lafiya a wurina, sai dai girmansu ya ragu da ruwan ya yi sanyi. Na ƙara gogoniya, murjani mai rassa, da ciyawar Caulerpa don su sami abin kamawa.

Ka bi duwatsun da tocila da dare. Aiptasia, ƙaramin animonin da ke ɓoye a ramuka, tana harbi, kuma ƙaguwar da ta shigo da dutse tana iya kama wutsiya. Famfunan da ke kaɗa ruwa ka sa musu raga. Ba sai ka kashe su ba, nawa har suna zuwa gaban igiyar ruwan da kansu, abin da ake so dai a sami lungunan da ruwa ya lafa. In akwai hita a ciki, mayar da ita tankin ƙasa, don suna naɗe ta su ƙone.

Baban Khalil, Abuja

Allah Ya saka da alheri. Tang da animoni na haƙura. Amma klawun ɗin fa? Yara sun shaƙu da su ƙwarai. Ba za su zauna ba ko da an cire animonin?

Maman Ilham, Manchesta

Na san zafin wannan, nawa yaran ma sun yi kuka. Amma macen klawun in ta girma takan kama yanki ta hana kowa wucewa, har hannun mai tanki tana cizo, balle dokin da ba ya iya gudu. Na gwada barin su na ɗan lokaci, na ga dawakan sun daina fitowa wurin kwano. Ka yi wa yara ƙaramin tanki na klawun ɗin a falo, su riƙa ba su abinci da kansu. Kadinal ɗinka biyu su zauna, masu natsuwa ne, ba sa wawar abinci. A wurina akwai kuma ƙaramin kifin gobi da ke zama a ƙasa, da dodon koɗi irin Nassarius da ke fitowa daga yashi su cinye abin da ya zube.

Ɗan Damagaram, Jidda

Ƙari kan maganar Hajiya: kadinal ɗin da za su zauna sun daɗe a hannunka, ka san lafiyarsu. Duk wani sabon kifi kuwa sai ya yi zamansa a tankin keɓewa tukuna. Kifin bututu, ɗan'uwan dokin teku, yana da ban sha'awa, amma yawancin na kasuwa kamun teku ne, ni ban haɗa su ba. Kuma ka shirya wa datti. Maisis sau uku a rana yana ɓata ruwa fiye da yadda ka saba a tankin murjani. Ni na sa skima mafi girma, wato na'urar da ke fitar da datti ta hanyar kumfa, ina zuƙe ragowar abinci da siririn tiyo bayan kowane ci, ina canjin ruwa duk mako.

Injiniya, Legas

Yallabai, in ka zo sauke zafin, kada ka yi shi rana ɗaya. Rabin digiri a kwana ya isa, don murjanan da kadinal ɗin su saba. Kuma a lita 300 ka fara da mace ɗaya da namiji ɗaya, jinsi ɗaya, daga gidan kiwo ɗaya. In ka ga matatarka ta ɗauki nauyinsu, ka ƙara biyu daga inda ka sayi na farko.