Shin Zamanin ARRI Ya Zo Ƙarshe?

Malam Sani: Salamu alaikum jama'a. Ina nan kan bakana: nan da 'yan shekaru kamfanonin Japan ne za su mamaye kasuwar kyamarar silima, ARRI kuwa, kamfanin Jamus mai ƙera kyamarorin silima a birnin Munich, sai dai a ba da labarinta. Ku dubi abin da ya faru a 2024. Nikon ta saye RED, kamfanin kyamarar silima na Amurka, ɗungurungum a kan kimanin dala miliyan 85, alhali a 2022 RED ɗin ce ta maka Nikon a kotu kan fasahar matse hoton RAW, wato ɗanyen hoton da ba a sarrafa ba. Sony na da Venice, Canon na da jerin C, Fujifilm ma ta shigo da GFX Eterna. Kamfani guda na birnin Munich, da ba ya sayar da talabijin ko kyamarar biki balle ya toshe giɓi da ribarsu, da me zai tare waɗannan?

Hadiza: Wa alaikumus salam. Malam, a gafarce ni, ka yi saurin yanke hukunci. ARRI tun 1917 take wannan sana'a, kuma tun fitowar kyamararta Alexa a 2010 manyan masu ɗaukar fim suka riƙe ta saboda abu ɗaya: yadda take bi da haske da fatar mutum. Ka tsayar da baƙin mutum cikin farar shadda da tsakar rana. A yawancin kyamarori dole ka zaɓa, ko dai shaddar ta ƙone ta zama fari fat babu aikin ɗinki, ko fuskar ta nutse cikin duhu. Alexa 35 da ta fito a 2022 tana riƙe mataki 17 tsakanin duhu da haske, sai ka ga zaren wuyan rigar, ka kuma ga ƙwayar idonsa. Wannan ake biya.

Bashir: Yaya Hadiza, mai kallo bai san da wannan ba. An ɗauki The Creator na 2023 da Sony FX3, kyamarar da ba ta wuce dala dubu 4 ba a lokacin, aka haska shi a manyan silima. Danny Boyle ya ɗauki 28 Years Later da iPhone. Me ya rage?

Alhaji Umar: Bashir, yaro na, ni hayar kaya nake bayarwa, bari in faɗa maka abin da ake ɓoye maka a irin wannan labari. Ƙaramar kyamarar nan da ka ji, gilashin silima aka ɗaura mata, ga masu haske, ga masu gyaran launi, ga miliyoyin daloli na aikin kwamfuta a bayanta. A babban fim kuɗin jikin kyamara ɗan ƙanƙani ne a cikin kasafi. Furodusan da ke kashe dukiya kowace rana ba ya neman araha, yana neman na'urar da ba za ta ɗau zafi ta mutu ana tsakiyar ɗauka ba, wadda kowane mataimaki ya san maɓallanta ko a duhu. Kuma su ba saye suke yi ba, haya suke ɗauka. Alexa 65 ma sam ba a sayar da ita. Abin da ya girgiza ARRI shi ne yajin aikin marubuta da 'yan wasan Hollywood a 2023. Aiki ya tsaya wata da watanni, kaya suka zauna a shago, mai haya kuma in kayansa na zaune ba ya sayen sabo.

Malam Sani: Alhaji, ranka ya daɗe, ai ka ƙarfafa maganata. In fari ya zo, mai rumbu da yawa ne ke kai labari. Sony ita ke ƙera idon kyamararta, wato sashen da ke kama haske ya mayar da shi hoto, da kanta, har ta sayar wa wasu, ARRI kuwa wani kamfani ne ke ƙera mata. Kuma Sony ta riga ta shiga manyan fina-finai: Venice guda 6 aka cusa cikin jirgin yaƙi a Top Gun: Maverick.

Hadiza: Batun Sony na yarda, ita ce abokiyar hamayya ta gaske. Amma shiga kasuwa daban, kore kowa daban. An daɗe ana cewa ɗaukar fim a kan faifan hoto irin na dā, ba na dijital ba, ya mutu, sai ga Oppenheimer da aka ɗauka da faifan Kodak ya ci Oscar ta ɗaukar hoto a 2024.

Yusuf: Duk kun manta da Blackmagic ta Ostireliya, kuma ita ta fi shafar mu. Sun sayar da Pocket 4K a kan dala 1,295 a 2018, sun kuma bar manhajarsu ta gyaran fim, DaVinci Resolve, kyauta. Yaro a Kano ya sauke manhajar ya koyi gyaran launi, ranar da ya tara kuɗi kyamararsu zai nema. Mu da muke ɗaukar shiri mai dogon zango don YouTube, lissafinmu farashin dala ne, da batir, da wanda zai gyara in ta lalace. A wannan kasuwar ba a ma ambaton ARRI.

Alhaji Umar: Gaskiya ne Yusuf, shi ya sa na ce kasuwa biyu ce kuke haɗawa. Ta sama ƙarama ce, ARRI da Sony ke ja-in-ja a kanta. Ta tsakiya ita ke faɗaɗa, can Nikon ta nufa da ta fitar da ZR a 2025 ɗauke da launin RED. Ni kuɗina na bana gilashi zan saya da shi, masu bakin PL, wato maɗaurin da aka saba da shi a kyamarorin silima, domin suna hawa kan kusan kowace a cikinsu.

Malam Sani: To Alhaji, wanda ya riƙe tsakiya yau shi ke renon daraktocin gobe. Yaron da ya girma da launin Sony a hannunsa, ranar da aka ba shi babban kasafi Venice zai ce a kawo masa.