Neman shawara: an taya zanen da Baba ya bari, mu sallama ko mu dakata?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawararku, kuma don Allah a sakaya sunana tunda magana ce ta gado.

Mahaifinmu ya rasu bara, Allah Ya jiƙansa. Ɗan Argungu ne, tsohon malamin makaranta. Ya yi karatu a Zariya farkon shekarun 1960, daga baya ya yi aiki a ma'aikatar ilimi tun zamanin Jihar Arewa maso Yamma. A ɗakinsa akwai wani zanen fenti da muka taso muna gani rataye saman kujerarsa. Masunta ne a Matan Fada ranar kamun kifi, kowa ya kife kan gorarsa da homa biyu a hannu, can baya ga kwalekwalen makaɗa. Tsawonsa ya kai kamu biyu. A kusurwar ƙasa akwai sa hannu, amma ƙura da hayaƙin fitila sun dusashe shi, lambar 63 kawai muke iya karantawa. Gara ta ci katakon gefe ɗaya, sannan akwai 'yar yagewa kamar tsawon yatsa.

Masu lissafin gado ko kuɗi ba su sa masa ba. Sai ga wani mai yawon sayen tsofaffin kaya ya gan shi, ya taya naira dubu 150. Yayanmu ya ce albarka. Bayan kwana huɗu ya dawo da dubu 350, ya ce kuɗi a hannu, amma ranar Juma'a zai bar gari. Mu tara ne da iyayenmu mata biyu, kuma ɗaya daga cikinmu ya rasu wata uku bayan Baba, ya bar yara ƙanana. Rabin gida sun ce a karɓa. Ni zuciyata ba ta kwanta ba. Ta yaya ake sanin kuɗin irin wannan abu? Wani ya ce mini akwai wuraren gwanjonsa. Kuma ƙanwata ta ce mu goge shi da ruwan sabulu sunan ya fito. Mu goge?

Wata Hajiya daga Jega:

Ƙanena, don girman Allah kada ku goge. Na bar abin da nake yi ne don in rubuta maka wannan. Maigidana marigayi yana da wani zanen mahaya dawaki da aka ba shi a wurin aiki. Ana gobe sallah na sa tsumma da ruwan sabulu na bi shi. Ina kallo launin sararin sama ya biyo tsumman, shuɗi sharkaf, fuskar dokin gaba ta koma kamar an shafa mata toka. Har ya rasu bai yi mini faɗa ba, amma bai sake rataye shi ba, kuma wannan ya fi faɗan ciwo. Ku ɗauke shi daga inda yara za su kai hannu, ku jira masana su yi magana.

Wani matashi daga Birnin Kebbi:

Yaya, kada ku yarda! Akwai zanen Ben Enwonwu, shahararren mai zane ɗan Najeriya, mai suna Tutu, na 1974, da aka gano a wani gida a Landan. Gidan gwanjo na Bonhams ya ƙiyasta fam dubu 200 zuwa 300, amma a watan Fabrairun 2018 aka saye shi fam miliyan 1.2. A 2019 ma Sotheby's ta sayar da wani nasa mai suna Christine sama da fam miliyan 1, kuma iyalan da ke da shi sun daɗe ba su san darajarsa ba, sai da aka bincika sunan da ke jiki a intanet. Wa ya sani ko naku ma haka ne?

Wani malamin zane da ya yi karatu a Zariya:

Allah Ya jiƙan Baba. Abin da ɗan'uwa ya kawo gaskiya ne, amma ina roƙonka kada ka kai wannan labarin gida tukuna, don in ka sa wa tsofaffi rai da miliyoyi abin bai zo haka ba, kai za a riƙe a zuciya. Tutu bai yi wannan kuɗi don ya tsufa ba. Ya yi ne don Enwonwu ya zana shi, kuma an tabbatar da hakan. A wannan harka suna ake saye. Zanen shekara 100 na wanda ba a sani ba yana iya kasa kuɗin buhun shinkafa biyar, na shekara 40 na sanannen hannu ya sayi gida.

Abin da ya ja hankalina shi ne Zariya da 63. A Kwalejin Zariya, wadda ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958, irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Ayyukansu suna da kasuwa sosai. Sai dai ƙungiyar ta watse a 1961, kuma ɗaliban da suka ratsa sashen zane na can suna da yawa, akasarinsu koyarwa suka kama, ba wanda ke neman aikinsu a gwanjo. Naku zai iya zama na kowanne ɓangare.

Ga abin da za ka yi yau. Ka rufe taga, ka haska tocila daga gefe, hasken ya bi fuskar zanen a kwance. In na hannu ne za ka ga tudu da kwarin fenti, da sawun gashin buroshi. In ya kwanta sumul, kuma da ka matso da kyamarar waya ka ga ƙananan ɗigo-ɗigo a jere, to bugun inji ne, kuɗinsa kaɗan ne. Wannan hasken gefen sau da yawa yakan fito da sa hannun da ido bai gani ba, ba tare da an taɓa shi ba.

Sannan ka juya bayansa. Mu a wurinmu baya yakan fi gaba magana. Nan ake samun rubutun mai zanen, ko tambarin shagon da ya sayar da kyallen, ko takardar wani baje koli. Kada ka ɓare komai, ko tsohuwar ƙusa ce. Ka ɗauki hoton gaba, baya, sa hannu da yagewar, a inuwa da rana, ba filasha. Ka auna shi da santimita. Kada a fesa masa maganin gara, kada a liƙe yagewar da gam, kada a naɗe shi a leda don tana tara gumi. A jingine shi tsaye kan benci, nesa da bangon da ke jiƙewa da damina. Masu gwanjo sun fi son zane da dattinsa a kan wanda aka yi wa gyaran gida, kuma suna da fitila ta musamman da ke tona duk inda aka sake shafa fenti.

Wani dattijo daga Argungu:

Ɗana, Allah Shi gafarta ma Malam. Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya taya dubu 150 ya komo da 350 cikin kwana huɗu ba tausayinku ya ji ba, wani ya nuna ma hoton anka gaya mai abin da za ya samu. Juma'ar da yake faɗi kuwa, don ya hana ku tambaya ne. Haka takubba da sulkuna da tasoshin tagulla da kakanninmu sunka bari sunka bar garin ga, ɗaya bayan ɗaya, a kuɗin cefane.

Kuma ka duba wani abu. Bikin ga a 1934 anka fara shi, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara. Ke nan wanga zane ya kama Matan Fada tun bikin bai cika shekara 30 ba. In kun bincika kuɗin bai taka kara ya karya ba, ni da za a bi tawa ku bar shi cikin gari. Gidan Tarihin Kanta yana nan, jikokinku su je su gani.

Wata 'yar Gusau mazauniya Legas:

Na taɓa raka uwar ɗakina sayar da zane biyu, bari in faɗa maka yadda ake yi. Ba sai ka ɗauki zanen ka hau mota ba. Hotuna da awo da tarihinsa za ka tura. A Legas akwai gidan gwanjo na Arthouse Contemporary da aka kafa a 2007, a Landan kuma Bonhams da Sotheby's suna sayar da ayyukan Afirka, kuma ƙiyasin farko daga hoto kyauta suke yi. Duk wanda ya ce ka fara turo kuɗin rajista kafin ya duba hoto, ka rabu da shi. Ka tura wa wuri biyu ko uku, kada ka tsaya kan bakin mutum ɗaya, balle bakin mai son saye.

Su ba da ka suke yanke kuɗi ba. Sukan duba nawa aka sayar da ayyukan wannan mai zanen masu kama da naka a girma da shekara da irin fenti, sai su ba ka lamba biyu, ta ƙasa da ta sama. Daga nan ku yi yarjejeniya a rubuce kan kuɗin da ba za a sallama ƙasa da shi ba, wanda ba ya wuce lambar ƙasan. A nan mutane ke cutar kansu. Uwar ɗakina ta dage sai an ɗaga wannan kuɗin a kan ɗaya daga cikin zanen biyu, ranar gwanjo ba wanda ya taya har can, aka dawo da shi. Sakamakon yana nan a rubuce kowa na gani, masu saye suka riƙa cewa ai wanda aka ƙi ne.

Kuma kuɗin da ka ji a labarai ba shi ke shiga aljihun mai kaya ba. A ciki akwai la'adar da mai saye ke biya wa gidan gwanjo a kan kuɗin da aka buga guduma, wadda a manyan gidaje takan kai kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye. Kai ma za a cire taka la'adar, da kuɗin inshora da dako da gyara in an yi. Biya kuma sai bayan wata ɗaya ko fiye. Abin da zai fi ɗaga maka daraja shi ne shaidar yadda zanen ya shigo hannun Baba: wasiƙa, rasit, ko tsohon hoto da ya fito a ciki.

Wani ma'aikacin gwamnati mai ritaya daga Yauri:

Ƙari kaɗan ta fuskar doka. Dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta 1979 ta hana cinikin kayan tarihi sai ta hannun wanda aka ba izini, ta kuma hana fitar da su waje ba takarda. Aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 yana ciki, haka wanda aka yi amfani da shi a bukin gargajiya. Zanen 1963 da ke rataye a ɗaki bai shiga wannan ba, amma in zai ƙetare ku nemi takardar shaida daga hukumar, don kada kwastan su riƙe shi.

Wani malami daga Gwandu:

Ɗan'uwa, abu biyu. Zanen nan tun ranar da Baba ya cika ya zama na magada duka, kuma yanzu akwai haƙƙin marayu a ciki. Yayanku ba shi da ikon sallamawa shi kaɗai, kuma waliyyin yaran bai kamata ya yarda a sayar da rabonsu a farashin da ba a bincika ba. Rashin sa masa kuɗi ranar lissafi bai fitar da shi daga gado ba.

Na biyu, zanen masu rai ne. Malamai sun yi saɓani. A mazhabar Malikiyya haramcin ya fi tsanani a kan mutum-mutumi mai jiki da inuwa, shafaffen zane kuwa da yawa sun ɗauke shi makaruhi, wasu malaman kuma sun hana duka. Ku zauna da malamin da ya raba muku gado ku ji ta bakinsa kafin kuɗi su shigo, don kada wani ya ƙi karɓar rabonsa daga baya.

Mai tambaya:

Na gode, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Hajiya, na karanta wa ƙanwata saƙonki, ta ajiye tsumman.

Daren jiya na yi gwajin tocila. Fentin yana da tudu, har wurin da ruwa ke fantsama ana ganin inda aka danna shi da kauri. Harafin farko na sunan ya fito, sauran bai fito ba. Da muka juya bayansa, a jikin katakon sama akwai rubutun fensir da Turanci: sunan Baba, da kalmar Argungu, da shekarar. Ba rubutun Baba ba ne, na san hannunsa.

Inna tana zaune tana kallonmu, sai ta ce ai abokin Malam ne ya zana, wani ɗan kudu da suka zauna ɗaki ɗaya a Zariya, Malam ya kawo shi kallon kamun kifi ya kwana uku a zauren kakanmu. Ta ce sun daɗe suna musayar wasiƙu. Ta shiga ɗaki ta fito da hoton sunan yayanmu na 1971, ga Baba zaune da jariri, ga zanen a bango bayansa. Shekara nawa muna gida ɗaya, ba wanda ya taɓa tambayarta.

Yayanmu ya kira mutumin ya ce masa sai magada sun zauna. Nan take ya ƙara dubu 100, ya ce kuma zai iya kaiwa Litinin. Mun ce ya yi haƙuri. Na tura hotuna wuri biyu, ranar Asabar kuma za mu je wurin malam. Akwai akwatin ƙarfe na takardun Baba da ba a buɗe ba tun rasuwarsa, makullin yana wurin Inna, ta ce gobe bayan la'asar za mu zauna mu nemi wasiƙun. Malam mai zane, in na samu sunan zan turo maka ka duba mana.